Rigar Gwaggonka Hajo

Zuwa ga ɗana Illa, a Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka lafiya, gajiyar hanya ta sake ka, kuma ɗakin da suka ba ka a lakwal ɗin da za ka koyar ba ya yoyo. Mu nan Lazare lafiya lau, sai godiyar Allah. Innarka na gaishe ka, ta ce yajin da ta daka maka yana can ƙasan jaka cikin gwangwanin madara, kada ka ce ta manta. Allah Ya tsare ka, Ya sa ka shiga garin da ƙafar dama.

Rabon da gaba ta shigo gidan nan tun shekarar da aka karya darajar sefa, wadda muka kwanta da jika a aljihu muka tashi ta koma rabi. Sai bana, da kai da yayanka. Wata biyar ke nan ba ku ce wa juna uffan ba. Shi yana can bakin daga wajen iyaka, kai ka ɗauki jakarka ka tafi koyarwa ba ka kira shi ba. Dalilin takardar nan ke nan, ba wani labari ba.

Ka san ni ban shiga lakwal ba. Bakina ke magana, hannun maƙwabcinmu Mushe Idi, tsohon malamin lakwal, ke rubutawa, tunda ya yi ritaya ba shi da aiki sai musu da ni. Mun yi sharaɗi: abin da na faɗa shi zai sa, ba gyara, ba Faransanci. Ya ce don me ba zan kira ka a waya ba kamar kowa. Na ce maganar waya iska ce, in ka ji abin da bai yi maka daɗi ba sai ka ce rezo ya yanke. Takarda ba ta yankewa. Ya kuma ce in faɗi sunan yayanka ya rubuta. Ɗan fari ne, shekara talatin da ɗoriya ban kira sunan ba, ba yau zan fara don Mushe ba.

Bari in fara da laifina, don ni na hura wutar. Ranar sunan 'yarsa a unguwar Talaje, gidan surukansa, an ci an ƙoshi, an ɗora shayi, na ce masa cikin wasa, "Soja, in ka koma ka gaya wa maigidanku mai mulki buhun shinkafa ya fi ƙarfin tela." Ya yi dariya. Kai kuwa sai ka cafe. Ka jero tsadar abinci, da ɗaukewar wuta, da malaman kwantaragi da ke jiran haƙƙinsu, ka ce duk abin da aka tambaya sai a ce ana yaƙi, yaƙin ya zama bargon rufe kowace ɓarna. Shi ya ce, "Ku da kuka fita zanga-zanga, wa ya tsare muku garin da kuka yi ta a ciki? Ka taɓa ganin ƙauyen da aka kori mutanensa da rana tsaka, tukunya na kan murhu?" Ni ina zaune ina kaɗa ƙafa, ina jin daɗi 'ya'yana sun iya magana. Da na tsawata a nan, da an wuce wurin. Ban tsawata ba. Har ya ce maka ɗan alli wanda bai san nauyin komai ba sai na kaye, littafin rubutun 'yan lakwal, kai kuma ka ce masa, "Kai ai ba ka da ra'ayi, wanda ya ba ka kaki shi ke yi maka tunani." Ya ajiye kofin shayinsa bai sha ba, ya ce maka, "Na gode, Mushe," kamar yadda 'yan ajinka ke kiran ka, ya shige ciki. Bayan kwana biyu ya koma.

Abin da ba ka sani ba, satin da ya zo sunan nan sun binne mutum biyu waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da shi. Matarsa ta gaya wa innarka daga baya. Ban faɗa don in ce kai kaɗai ka yi laifi ba. Maganar alli ma ba ta yi ba, zan ja masa kunne a kanta.

To, ka sha jin ana cewa "rigar Hajo" a gidan nan ana dariya, ba wanda ya taɓa gaya muku tushenta. Yau za ka ji.

Gwaggonka Hajo, Allah Ya jiƙanta, ita ta ɗauko ni daga ƙauyenmu na ƙasar Tawa ina saurayi, ta kai ni koyon ɗinki a Zango. Keken da nake takawa har yau, da ribar ƙosanta ta saya mini. A shekarar da aka karya kuɗin nan ita ce uwar matan jam'iyya mai mulki a unguwarmu, ni kuwa ko sunan shugaban ba na son ji. Zare ya hau, allura ta hau, man keke ya hau, wanda ya saba ɗinka kala uku da salla ya koma ɗaya. Duk inda muka haɗu da ita sai mu kama. Ta ce ba shi ya karya kuɗin ba, daga waje aka karyo, har maƙwabtanmu abin ya shafa. In ce to mene ne amfaninsa a kan kujera in ana karya mana kuɗi yana kallo? Ta ce bai daɗe da hawa ba, a ba shi lokaci. In ce cikin yara bai san jira ba.

Ana nan aka sa ranar babban mitin. Ta kawo mini atamfar jam'iyya mai hoton shugaban, ta ce doguwar riga take so, don ita za ta ja mata a gaba. Kowane tela a Yamai ya san ƙa'idar atamfar siyasa. Fuska a ƙirji take zama, ko a tsakanin kafaɗu, kuma almakashi ba ya ratsa ta. Ni da sanina na auna, na juya yadin, na daidaita fuskar mutumin daidai inda mace ke zama. Ko santi ɗaya ban kuskure ba. In don kyan aiki ne, Illa, ban taɓa yin ɗinki kamar na ranar ba.

Ta aiko aka karɓa da safiyar mitin, ta zura cikin sauri ta fita. Wa ke ganin bayansa? Ta shige gaba da tuta, mata na biye. Waɗanda suka gani sun ce in ta taka ƙafar dama sai shugaba ya yi murmushi, in ta taka ta hagu sai ya ɓata rai. Haka aka ratsa kasuwa. Sai da ta zauna a kujerar gaba, kusa da manya, wata ƙawarta ta raɗa mata.

Da la'asar ta iso shago. Na shirya wa faɗa, har amsoshi na tanada. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ninke rigar ta ajiye, ta dafa kan keken, ta ce, "Mamman, da wannan ka yi mini?"

Na ce, "Yaya, ai ba ke na yi wa ba, shi na yi wa."

Ta ce, "Shi yana fadarsa, bai san an yi ba. Ni aka yi wa dariya."

Ta fita. Shekara shida ba ta ƙara yi mini magana ba. A tsakiyar gabar aka haife ka. Ta zo ta yi wa innarka wankan jego har kwana arba'in, tana shiga tana fita, in mun yi kiciɓis a zaure sai ta gai da bango. Ni kuma ga taurin kai, jira nake ta zo ta ce gaskiyata ce, mutumin bai iya mulki ba. Aka sauke shugaban da muka yi faɗa a kansa, wanda ya gaje shi ma ya wuce, mu muna nan inda muke.

Wata safiya na bi ta inda take tuya, na hango tsumman da take sauke kasko da shi. Ragowar atamfar nan ce, ta yi baƙi da mai, kunnen shugaba kaɗai ya rage. A nan na gane. Ashe ita ma ta daɗe da sakin mutumin. Abin da ta riƙe ba siyasa ba ce, dariyar da ƙanenta ya sa aka yi mata ce.

Na sayi shadda mai kyau na ɗinka mata riga, na kai da kaina. Tana zaune a tabarma tana tsince wake. Ta ce, "Ɗaga ta." Na ɗaga. Ta ce, "Juya ta." Na juya. Ta daɗe tana duban bayan rigar, sannan ta ce, "To, ajiye. Ka ci abinci?" Shi ke nan. Abin da kalma biyu za ta kashe tun ranar farko, na bar shi ya ci shekara shida. Allah Ya taimake ni ta rayu bayan nan muka yi zumunci. Amma ita ƙosai take soyawa a Lazare. Yayanka ba ƙosai yake soyawa ba, Illa. Inda yake, ba a ba mutum tabbacin shekara shida. Ka gane abin da nake nufi, kada ka sa in faɗa da bakina.

Don haka in za ka jefi shugaba, ka duba wanda ke tsaye tsakaninka da shi. Sau da yawa naka ne.

Kada ka ɗauka cewa nake ka kama bakinka, ko kada ka fita zanga-zanga. Ni ma na fita, kuma ban yi nadamar fitar ba, abin da na yi a cikinta nake nadama. Shekarar da aka yi ta fita kan tsadar rayuwa, kana ƙarami, aka ce ranar kaza gari ya mutu, kowa ya rufe. Na rufe shago tun safe, na bi ayari ina daga cikin masu zafi. Muna zuwa kwanar Zango sai ga Hamani mai shayi, Bazabarmen nan da ke ba ka ɓawon burodi, ya kafa teburinsa yana soya ƙwai. Na ce, "Hamani, kai ba ɗan ƙasa ba ne?" Kafin ya amsa na ɗaga teburin. Kiret guda na ƙwai ya tarwatse a ƙasa. Ya durƙusa yana tsintar waɗanda ba su fashe ba, ya ce, "Kala suru, yi haƙuri, Mamman. Kai ɗinkin jiya za ka ci yau. Ni in ban soya yau ba, da me za a ɗora tukunya?" Ka ji fa. Mun fito don talaka, talakan farko da muka tarar shi muka fasa wa ƙwai. Mutumin da ke riƙe da lasifika a gabanmu kuwa, bayan 'yan shekaru na gan shi cikin mota mai baƙin gilashi ana share masa hanya. Washegari na kai wa Hamani kiret ɗin ƙwai. Ya karɓa, ya soya mini biyu daga ciki, ya kuma ce in biya. Na biya.

Saboda haka in malamai sun ce za a fita a Damagaram kuma zuciyarka ta yarda, ka fita da ƙafarka. Kada ka ja ƙafar wani. Kada ka ɗauki dutse, kada ka tsaya inda ake ƙona taya. Ka san wanda ya kira fitar da abin da ake nema, in an tambaye ka ka iya faɗa cikin numfashi ɗaya. Katin ɗan ƙasa ya kasance a aljihunka. Kuma 'ya'yan mutane da aka ba ka amana, lissafi aka ce ka koya musu. A cikin aji akwai ɗan soja, akwai ɗan wanda aka kora daga ƙauyensa, akwai ɗan mai goyon bayan gwamnati. Ka bar siyasarka a bakin ƙofa tare da babur.

Yanzu Mushe ya ajiye bik ɗin da yake rubutu da shi, wai ba zai ci gaba ba sai na yarda a rubuta cewa an shimfiɗa gudro a hanyoyi, an yi gadoji, an ɗaga kan ƙasa a idon duniya. Na ce ya rubuta, ban musa ba, da idona na ga wasu. Amma ya rubuta kusa da ita cewa innarka ta je kasuwa jiya ta dawo da rabin kwando tana faɗa da mai awo. Ya rubuta duka biyun. Ka ga, shekara talatin ke nan muna haka da shi, ko sau ɗaya ba mu yi zaɓe iri ɗaya ba, amma ba a taɓa sauke butar shayi ba sai mun sha zagaye na uku tare. Wannan dokar ka tafi da ita duk fadar shayin da ka zauna a can. A yi musu a na farko, a yi musu a na biyu, na uku na gida ne. Kuma kai baƙo ne, ka yi wata guda kana saurare kafin ka buɗe baki. Ba ka san ɗan wane ke ina ba.

Wannan ma da kaina na koye shi, ba a littafi ba. Lokacin tawayen arewa muna zaune a ƙofar shago ana jin rediyo, na ce, "Me ake jira? A tura sojoji a gama da su cikin sati ɗaya, ko mutum nawa za a rasa." Akwai wani tsoho, Baba Nomau, maigadin kantin da ke kusa da mu, ba ya sa baki a hira. Ya ɗago ya ce, "Mamman, cikin 'ko mutum nawa' ɗin nan har da nawa? Yana can." Na rasa inda zan sa fuskata. Ɗansa ya dawo da ransa, alhamdu lillahi, amma tsohon bai ƙara zama inda nake ba. Ranar da yayanka ya shigo da takardar shiga soja yana murna, muryar Baba Nomau na fara ji kafin tasa. Yanzu in rediyo ya ce an kai hari, ƙafata da kanta take sauka daga kan keke, ba na iya ko ɗinka maɓalli sai matarsa ta aiko cewa ya kira.

Maganar yaƙi tana da sauƙi a bakin wanda ba shi da kowa a can, ko yana cewa a yi, ko yana cewa banza ce. In ka tambaye ni ko yaƙin nan ana yin sa daidai, wallahi ban sani ba. Ran da na je kasuwa ina tare da kai. Ran da na ga matan da aka koro daga ƙauyukansu da yara a goye, ina tare da shi. Kana da haƙƙin tambayar inda dukiyar ƙasa ke tafiya, ka tambaya da ƙarfi. Amma ba yayanka ke riƙe da makullin baitulmali ba. Bindiga aka ba shi da gorar ruwa.

Ni dai na ga shugabanni, masu kaki da masu babbar riga. Ban san shekarunsu da lamba ba, amma ka ambaci kowanne in gaya maka yadda tiyar gero take a zamaninsa, da wanda aka ɗaure, da wanda ya yi ƙiba. Ba wanda ya zo ba a yi masa guɗa ba, ba wanda ya tafi ba a yi wa tafiyarsa guɗa ba, wani lokaci ma mata ɗaya ne. Masu atamfa a cikinsu duk na ɗinka fuskokinsu. Matashin da nake jingina da shi in na yi barcin rana a shago, da ragowar ƙyallayensu na cusa shi. Suna ciki gaba ɗaya, an matse su wuri guda, ban taɓa jin sun yi faɗa ba.

Kada tsawon takardar nan ya sa ka zaci ina cikin damuwa. Ni na gode wa Allah. Na zo Yamai da riga ɗaya, yau ina da ɗa mai tsaron ƙasa, ina da ɗa mai koyar da 'ya'yanta, ga jikanya mai kama da innarku har gajeren hancin. Idona na ganin ramin allura har yanzu in rana ta fito. Tuwo bai yanke a gidan nan ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya, kuma ka san shi.

Ba cewa na yi ka ce masa gaskiyarsa ce ba. Riƙe ra'ayinka, ni na haife ka, na san ba za ka saki ba. Ka kira shi ka ce, "Yaya, ina kwana, ya aiki?" In bai ɗauka ba, rezon daji ne, ka sake kira. In ya amsa a daƙile, ka haƙura, shi ne babba kuma shi aka yi wa magana a gaban surukansa. Kai ne ƙarami, kai za ka fara. Haka muka tarar.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka gai da shugaban lakwal ɗinku ko da ba ka son halinsa. Ka nemi tsoho ɗaya a unguwar da kake, ka riƙa gaishe shi kullum, wata rana shi zai tsaya maka. Kada ka ci abincin hanya da ya kwana. Allah Ya kiyaye ka daga sharrin mutum da na baki, naka da na wani. Allah Ya tsare yayanka da abokan aikinsa, Ya dawo da su gida da ƙafafunsu. Allah Ya zaunar da ƙasar nan lafiya, Ya ba masu riƙe da ita tsoronSa, ko su wane ne. Mushe ya ce amin, karon farko ke nan da muka yarda a kan abu ɗaya yau. Yana gaishe ka.

Gobe da safe in na idar da salla zan kai takardar nan tasha in ba direban kar, motar Damagaram, hannu da hannu. Daga can zan wuce Talaje, don gobe Juma'a ce, ranar da yayanka ke hawa tudu ya nemi rezo ya kira matarsa. Zan zauna in jira. In ya kira zan karɓi wayar in ce masa, "Illa ya sauka lafiya, ya ce a gaishe ka ƙwarai, zai kira ka." Tun da aka haife shi ban taɓa yi masa ƙarya ba, don haka zai yarda. Kafin wata Juma'ar, ka mai da tsohonka mai gaskiya.

Ni ne mahaifinka,
Mamman Tela, Lazare, Yamai.